Ceto kyauta, bi da tsada: sharhi kan almajiranci da tsarkakewa a ikilisiyoyin Maraɗi

Duk mai zuwa sujada a majami'un Maraɗi ya saba jin maganganu biyu daga baki ɗaya. Ran Lahadi fasto zai ce ceto kyauta ne, ba a saye ba a sayarwa, kuma yau ce ranar, kada kowa ya ce sai gobe. Ran Laraba wanda wa'azin ya ratsa ya je wurin dattawa neman baftisma, sai a ce ya shiga aji tukuna, a yi watanni ana koya masa, ana duba zamansa da iyali da yadda yake sana'a. In ya koma gida ya buɗe waya, ga wa'azin da ke shigowa ta WhatsApp daga ƙetaren iyaka: wannan yana cewa wanda ya bi Yesu shi da talauci sun yi hannun riga, wancan yana cewa macen da ta sa ɗan kunne ba za ta ga Mulkin Allah ba.

Ruɗanin bai tsaya kan sababbin tuba ba. Waɗanda aka haifa cikin ikilisiya, ƴan lakwal da ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, su ma suna tambaya: in kyauta ne, me ake biya? In da gaggawa, me ya kawo jan ƙafa? Maƙwabta Musulmi kuma sukan ji kalmomin da suka sani, almajiri, tsarki, tuba, amma a bakin Kirista ma'anarsu ta ɗan karkata.

## Kalmomin da ake cakuɗawa

A titin Maraɗi in aka ce almajiri, yaro mai allo da kwano ke faɗo wa mutum a rai. Asalin kalmar daga Larabci ne, almuhajir, wanda ya bar gida don neman sani. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932, da wannan kalma yake kiran mabiyan Yesu, kuma zaɓin ya dace. Almajirin gargajiya yana kwana inda malam ya kwana, yana tashi in malam ya tashi, har tafiyar malam yake kwaikwaya. Almajiranci a Kiristance ke nan: mutum ya miƙa ragamar rayuwarsa ga Yesu Almasihu, ya koyi halinsa, ya aikata umarninsa. Zuwa sujada ɓangare ne kawai.

Ceto kuwa, Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri ake samunsa, ta hanyar bangaskiya, baiwar Allah ce, ba sakamakon ayyuka ba, don kada kowa ya yi fariya. Malaman tauhidi suna kiran wannan barata, wato Allah ya karɓi mai zunubi kamar marar laifi saboda mutuwar Almasihu da tashinsa. Wa'azi da yawa a nan yake tsayawa. Aya ta 10 kuwa ta ci gaba da cewa an halicci masu bi domin kyawawan ayyuka. Rabin gardamar da ake yi ta samo asali ne daga raba waɗannan ayoyi.

Sai tsarkakewa. Ba tsarkin jiki da ruwa ake nufi ba. A Markus sura 7 Yesu ya ce abin da ke fitowa daga zuciya shi ke ƙazantar da mutum, ya lissafa sata, zina, kwaɗayi, ha'inci, hassada da girman kai. Kalmar tana ɗauke da ma'ana biyu: a keɓe mutum domin Allah, sa'an nan a riƙa wanke halinsa har ya yi kama da na Ubangijinsa. Annabi Malakai ya kwatanta aikin da wutar mai tace azurfa da sabulun mai wanki. A Yahaya 15:2 Yesu ya kwatanta shi da manomi mai datse reshen da ke ba da ƴaƴa domin ya ƙara bayarwa.

Wannan misali na ƙarshe manomin jihar Maraɗi ba ya bukatar a fassara masa shi. A nan ne aka fara sassaben zamani wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostareliya, da manoman karkara suka gane cewa kututturan da ke gonaki suna da rai. Maimakon a ƙone tohon duka, sai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a sare sauran. Itacen da aka yi wa haka shi ke tashi. Wanda ya taɓa riƙe gatari ya san rassan da ake sarewa ɗanyu ne shar, laifinsu kawai suna cinye abincin wanda ake so ya girma.

## Inda maganar tsada ta fito

Babban nassin shi ne Luka 14:25-33. Taro mai yawa yana bin Yesu, sai ya juya ya gindaya sharuɗɗa uku: wanda bai ƙi uwa da uba da mata da ƴaƴa har da ransa ba, wanda bai ɗauki gicciyensa ba, da wanda bai rabu da duk mallakarsa ba, ba zai iya zama almajirinsa ba. A tsakiya ya kawo misalin mai gina hasumiya da ya kamata ya zauna ya yi lissafi kafin ya sa harsashi, da na sarki mai mayaƙa 10,000 da zai kara da mai 20,000.

Kalmar "ƙi" tana da nauyi a kunnen Bahaushe, wanda albarkar iyaye ta fi masa dukiya. Mafi yawan masu fassara sun yarda salon magana ne na Yahudawa mai nufin fifita wani a kan wani, kuma Matiyu 10:37 ta faɗe shi a fili: wanda ya fi ƙaunar uba ko uwa a kaina. Yesu da kansa ya tsauta wa masu fakewa da addini suna hana iyayensu taimako, Bulus kuma ya ce wanda bai kula da danginsa ba ya fi marar bi muni. Saboda haka saurayin da ya tuba ya daina gaida tsohonsa da safe, ko ya daina aika wa tsohuwarsa cefane, ba shi da madogara a wannan nassi.

Gicciye ma ana yawan karkatar da shi. A zamanin Romawa itacen kisa ne, wanda ya ɗauka ya san ba zai dawo gida ba. Luka 9:23 ta ƙara da cewa kowace rana ake ɗauka. Amma ba kowace wahala ce gicciye ba. Ambaliyar da ta rusa gidaje a Maraɗi a damanar 2024, ƴan bindigar da suka addabi ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji, tsadar tiyar hatsi bayan rufe iyaka a 2023, duk waɗannan ba su tambayi addinin kowa ba. Wasiƙar Bitrus ta fari, 4:15-16, ta kuma ware wahalar da mutum ya jawo wa kansa da sata ko shisshigi. Gicciye shi ne asarar da mutum zai iya kauce mata in ya saki Almasihu, amma ya zaɓi ya ɗauka.

Wani malamin tauhidi Bajamushe, Dietrich Bonhoeffer, ya rubuta a 1937 cewa babban abokin gaban ikilisiya shi ne alheri mai araha, wato gafara ba tuba, baftisma ba horo. Gwamnatin Hitler ta rataye shi a watan Afrilu na 1945. Daga wurinsa kalmar ta bazu cikin wa'azi a duniya.

## Abin da tarihin wurin nan ya ƙara

Mishan ɗin da ta kafa ikilisiyoyin bishara na wannan yanki, SIM, da hasara ta fara. Samari uku suka sauka Legas a 1893, biyu daga cikinsu, Walter Gowans da Thomas Kent, suka mutu a shekarar da ta biyo. Sai a 1924 aikin ya iso Damagaram, daga baya Tsibirin Gobir kafin ƙarshen shekarun 1920. Asibitin Galmi ya buɗe a 1950, na Danja mai kula da masu cutar kuturta a 1956. Ikilisiyar EERN ta tsaya da ƙafarta a farkon shekarun 1960. Bayan haka aka samu rabe-rabe, ikilisiyoyin Fentikos suka shigo, Katolika kuma suka samu dayosis na Maraɗi a 2001.

Abu biyu wannan tarihi ya bari. Na farko, ƙanƙanta: ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, don haka a nan ba a bin Yesu don neman suna ko muƙami. Na biyu, ƴan mishan sun zo da nasu ma'aunin tsarki: barin giya da taba, rabuwa da bori da layu, mace ɗaya. Wasu daga cikin waɗannan suna da tushe a nassi kai tsaye, kamar ƙona kayan sihiri da mutanen Afisa suka yi a Ayyukan Manzanni 19:19. Wasu kuwa al'adar ikilisiyoyin Amurka da Kanada ce ta wancan zamani. Tun daga lokacin masu bi na nan ke fama da tambayar da taron Urushalima ya fuskanta a Ayyukan Manzanni 15: wane kaya ne na Almasihu, wane ne mutane suka ɗora a kai?

## Da me ake biya a Maraɗi

In ana maganar tsada, hankali yakan tafi kan wuta. Akwai dalili. A watan Nuwamba na 2000, lokacin zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA, an kai wa majami'ar Vie Abondante da harabar SIM hari a Maraɗi. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai bayan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, aka rasa rayuka. A watan Yuni na 2019 an cinna wa majami'ar Assemblées de Dieu ta unguwar Zariya wuta bayan kama wani limami da ya soki dokar tsara harkokin ibada. Adalci ne a faɗi cewa a irin waɗannan ranaku an samu Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci, shugabannin addini kuma suka yi kira a kwantar da hankali.

Amma waɗannan ranaku ƙidayayyu ne cikin shekaru. Tsadar yau da kullum a tsakar gida ake biyanta, kuma ba daidai take ga kowa ba.

Wanda ya fito daga gidan Musulmi shi ke ɗaukar mafi nauyi. Dokar ƙasa ba ta hukunta wanda ya sauya addini, amma aure da saki da gado a Nijar galibi bisa al'ada ake yanke su, al'adar kuma a nan ta cuɗanya da fiƙihun Malikiyya, inda bambancin addini ke hana gado. Mutum na iya rasa rabonsa na gona, surukai su zo su ɗauke ɗiyarsu, a daina cin abinci kwano ɗaya da shi, a daina sanar da shi suna da biki da rasuwa. A ƙasar da dangi su ne asusun mutum ranar ciwo da ranar yunwa, wannan ya wuce ɓacin rai, ya shafi abin da za a ci. Daga ɓangaren dangin kuma, ba lallai mugunta ce ke motsa su ba. Uwar da ta gaskata ɗanta ya kama hanyar hallaka, kukanta na gaskiya ne, kuma mai bin da ya gane haka yakan fi iya riƙe zumunci.

Wanda aka haifa cikin ikilisiya nasa lissafin daban. Budurwa takan daɗe ba ta samu miji mai bi ba, saboda samarin kaɗan ne, ga masu neman aurenta daga waje. Ɗan kasuwa mai bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina yana fuskantar cin hanci da fasa-ƙwauri a matsayin abin da kowa ke yi. Mai awo yana da zaɓin tauye tiya ko yin algus. Ma'aikacin gwamnati ana miƙo masa takardar da ya san ƙarya ce a ce ya sa hannu. A nan tsadar ba ta zuwa daga maƙwabci, daga aljihun mutum take fita, kuma ba mai gani balle ya yaba. Musulmi mai tsoron Allah ma irin wannan asara yake yi a kasuwa ɗaya.

## Yadda ikilisiyoyi suka bambanta kan tsarkakewa

Duk sun yarda da Ibraniyawa 12:14, cewa in ba tsarki ba mai ganin Ubangiji. Yadda ake samunsa ne ya raba su.

Ikilisiyoyin bishara irin su EERN suna bin layin da ya taso daga gyaran ikilisiya na ƙarni na 16. Barata sau ɗaya ce, cikakkiya. Tsarkakewa kuwa tafiya ce ta tsawon rai, ta wurin Maganar Allah, addu'a, zumunta da horon ikilisiya, ba ta kammaluwa sai an ga Ubangiji. Ƙarfin wannan fahimta shi ne tana ba mai faɗuwa damar tashi. Rauninta, sannu-sannun na iya zama mafakar wanda bai yi niyyar sauyawa ba.

Masu bin koyarwar John Wesley, wanda ya rasu a 1791, suna cewa akwai aikin alheri na biyu bayan tuba, inda Allah ke tsarkake zuciya ɗungum. Wannan koyarwa ta yi ƙarfi a Najeriya ta hanyar ƙungiyoyi irin su Deeper Life, wadda ta fara a Legas a 1973. Sun shahara da nacewa kan mayar da hakki: wanda ya ci kuɗin wani ya mayar, kamar yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi a Luka 19. Wannan nacewa tana da tushe, kuma ikilisiyoyi da yawa sun yi sakaci da ita. Inda masu suka ke tsayawa shi ne lokacin da tsarki ya koma tsawon zane da rashin ɗan kunne, domin ma'aunin da ido ke gani ya fi sauƙin cikawa, kuma kusan kullum a kan mata yake faɗawa.

Ƴan Fentikos suna ƙara batun ikon Ruhu Mai Tsarki da addu'ar ƴantarwa daga iskoki da alkawuran kakanni. A ƙasar da bori ke da tsohon tarihi, wannan yana amsa tsoron da mutane ke ji da gaske, wanda ƴan mishan na farko sukan share. Haɗarinsa shi ne a ɗora wa aljani abin da hali ne. A gefen wannan reshe ne wa'azin arziki ya tsiro, mai juya lissafin gaba ɗaya: tsadar ta zama kuɗin "shuka iri", ladan kuma mota da gida. Ba duk ƴan Fentikos ke koyar da haka ba, da yawansu suna ƙyamarsa.

Katolika ba sa raba barata da tsarkakewa kamar yadda sauran ke yi. A wurinsu alherin da aka karɓa a baftisma yana girma ta wurin sakramenti, furta zunubi gaban fada, azumin kwana 40 kafin Ista da ayyukan jinƙai, abin da ya rage kuma ana tsarkake shi bayan mutuwa. Wannan batu na ƙarshe sauran ikilisiyoyin ba su karɓe shi ba.

## Gaggawa ko lissafi?

Hausawa sun ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, sun kuma ce gaggawa aikin shaiɗan. Bisharar Luka tana ɗauke da duka biyun. A sura 9 wani ya roƙi a bar shi ya je ya binne tsohonsa, Yesu ya ce a bar matattu su binne matattunsu. Wasu masu fassara suna ganin tsohon bai riga ya mutu ba, ɗan yana nufin sai bayan ransa, irin maganar da ake ji a nan sau da yawa: "Bari tsoho ya kwanta dama tukuna." Dalilan gaggawar uku ne a nassi. Rai kamar hazo yake, in ji Yakubu 4:14. Zuciyar da ta saba jin kira tana ƙi takan taurare, in ji Ibraniyawa 3. Ranar dawowar Almasihu kuma ba wanda ya sani, abin da ya rushe hujjar masu tsayar da rana suna tsorata jama'a.

A kan baftisma ne gardamar ta fi zafi. Masu cewa a yi nan take suna nuna mutum 3,000 na ranar Fentikos, da Bahabashen da Filibus ya yi wa a bakin hanya, da mai tsaron kurkukun Filibi da aka yi wa cikin daren. Masu cewa a jira suna nuna cewa zuwa ƙarni na 3 akwai ikilisiyoyin da ke koyar da mai nema har shekara 3, Katolika kuma har yau sukan ɗauki shekaru da manya. Dattawan Maraɗi suna da nasu dalilin na gida: baftisma ita ce ranar da dangi ke ɗauka an tsallaka, kuma wanda aka yi wa da garaje ya koma bayan wata biyu yakan rasa nan ya rasa can. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In aka duba da kyau, nassosin biyu ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Gaggawar ta shafi tuba da barin zunubin da mutum ya sani: mai riƙe da hakkin wani ba ya bukatar aji kafin ya mayar. Lissafin kuwa domin a shiga da ido buɗe ne. Mai hasumiyar ba a ce ya fasa gini ba. Jinkirin da ake koyarwa a cikinsa yana da hujja. Jinkirin da ya zama jiran mutum ya cancanta ya mai da baftisma lada, ya kuma rushe maganar kyauta da aka fara da ita.

## Wa zai ɗauki nauyin

Tasirin waɗannan bambance-bambance a kan talaka yake sauka. Gwauruwar da aka ce ta shuka jikka 10 don ta girbe 100, kuɗin hatsin ƴaƴanta ta bayar. Yarinyar da aka dakatar daga Jibin Ubangiji saboda ciki, alhali namijin yana zaune a kujerarsa, ta koyi cewa horo yana da ido ɗaya. Saurayin da aka zuga ya yi wa danginsa gatsali da sunan ƙarfin hali ya biya tsadar da ba a nema daga gare shi ba, Romawa 12:18 kuwa cewa ta yi a yi zaman lafiya da kowa iyakar iyawa.

Akwai kuma rabon lissafin da ke kan ikilisiya kanta. A Markus 10:29-30 Yesu ya yi alkawari cewa wanda ya bar gida ko dangi ko gonaki saboda shi zai sami ninki 100 tun a wannan zamani, tare da tsanani. Gidajen da ƴan'uwan da aka ambata ba daga sama za su faɗo ba, na masu bi ne. Ikilisiyar da ta kira mutum ya fito, dole ta san inda zai kwana, wa zai koya masa sana'a, wa zai tsaya masa a matsayin uba ranar neman aure. A wurare da yawa zumuntar mata ce ke ɗaukar wannan kaya da ɗan abin da take tarawa, ba tare da an sa shi cikin kasafin ikilisiya ba.

Batun da ya fi wuya har yanzu shi ne na mai mata biyu ko uku da ya tuba. Tsohuwar ƙa'idar mishan ita ce ba baftisma sai ya sallami sauran ya bar ɗaya. Masu kare ta suna cewa in aka sassauta, koyarwar aure ta rushe. Masu suka suna cewa wanda ya biya tsadar a nan ba mai tuban ba ne, matar da aka kora ce da ƴaƴanta, alhali ba su yi laifin komai ba. Taron bishop-bishop na Anglika a Lambeth ya amince a 1988 a yi wa irin wannan mutum baftisma tare da matansa masu bi, bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba kuma jama'ar ikilisiyar wurin sun yarda. Wasu ikilisiyoyin Afirka sun ɗauki hanya mai kama da wannan, suna hana shi shugabanci kawai, bisa 1 Timoti 3:2. Wasu suna nan kan tsohuwar ƙa'ida, kuma a cikinsu akan sami dattijon da ya shekara 20 yana zuwa sujada, ƴaƴansa duk an yi musu baftisma, shi kuwa in an zo Jibin Ubangiji sai ya miƙa faranti ga na kusa da shi.